Hanyoyin Gano Tsarin Awon da Ba a Sani Ba a Bayanan Taswira: Misali Daga Ƙasar Roni

BABI NA UKU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda jama'ar wannan yanki suke shata iyakokin gonakinsu a gargajiyance, ta hanyar dasa gamba ko bini-da-zugu, ko kuma dogaro da shaidar mai unguwa da dattawan gari. A wannan babi kuwa za a dubi wata matsala da ta zo tare da awon zamani. Sau da yawa akan sami takarda ko fayil na kwamfuta ɗauke da lambobin da ke nuna inda gona ko rijiya ko burtali yake, amma ba a rubuta tsarin awon da aka bi aka samo lambobin ba. Babin zai bayyana abin da ake nufi da tsarin awo, da ire-irensa da ake cin karo da su a Nijeriya, sannan ya kawo matakan da ake bi a gano wanda aka yi amfani da shi. An ɗauki garin Roni a matsayin misali, tare da waiwayar Kazaure da Gwiwa da Ɓaɓura inda buƙatar hakan ta taso.

3.1 Ma'anar Tsarin Awo

Lambobin wuri lambobi ne guda biyu da ke nuna matsayin wani abu a bayan ƙasa. Ɗaya tana nuna nisansa ta gabas ko yamma, ɗayar kuma ta arewa ko kudu. Sai dai lambobin su kaɗai ba su isa su kai mutum wurin ba. Alal misali, idan aka ce wa ɗan kasuwa an auno gero kwano goma, abu na farko da zai tambaya shi ne, da wane kwano aka auna, domin tiya daban, mudu daban. Haka abin yake ga lambobin wuri. Dole a san daga inda aka fara ƙirga, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da kuma siffar da aka ɗauka cewa duniya tana da ita. Waɗannan abubuwa su ne a dunƙule ake kira tsarin awo, kuma ana iya kasa shi gida uku kamar haka:

(a) Tushen awo. Duniya ba mulmulalliya ba ce sarai, ta ɗan baje ta sama da ƙasa. Saboda haka masana suka ƙirƙiro siffofi na lissafi da suka yi kama da ita. Idan aka ɗauki ɗaya daga cikin siffofin aka ɗaure ta a wani sanannen wuri a doron ƙasa, to an sami tushen awo.

(b) Hanyar shimfiɗawa. Ba a iya baje ƙwarya a kan tabarma sai ta tsage. Haka nan ba a iya kwantar da bayan duniya a kan takarda sai an ja wani sashe an matse wani. Dabarar lissafin da ake bi a yi wannan aiki ita ce hanyar shimfiɗawa.

(c) Ma'auni. Wato ko da digiri aka rubuta lambobin, ko da mita, ko kuma da ƙafa.

3.2 Tsare-tsaren Awo da Ake Samu a Nijeriya

3.2.1 Tushen Awo na Minna

Tun zamanin mulkin Turawa aka kafa wa Nijeriya tushen awo nata na kanta. An ɗaure shi a wani turken safiyo mai lamba L40 da ke garin Minna, shi ya sa ake kiran sa da sunan garin. Siffar duniyar da aka ɗora shi a kai ita ce wadda Baturen Ingila Alexander Ross Clarke ya lissafa a shekarar 1880. A wannan siffa, nisan da ke tsakanin cibiyar duniya da layin Ikwaita ya kai mita 6,378,249. Tsofaffin taswirorin Hukumar Safiyo ta Tarayya da mafi yawan tsofaffin takardun filaye duk a kan wannan tushe aka yi su.

3.2.2 Tushen Awo na WGS 84

Wannan kuwa Ma'aikatar Tsaron Amurka ce ta fito da shi a shekarar 1984, kuma an ɗaure shi ne a cibiyar duniya don ya yi aiki a kowace ƙasa. A wurinsa nisan da aka ambata a sama mita 6,378,137 ne, wato ya gaza na Clarke da kusan mita 112. Shi ne tushen da taurarin ɗan'adam na GPS ke aiki da shi. Don haka duk lambar da aka karanto daga wayar hannu ko daga Google Earth, a kansa take.

3.2.3 Shimfiɗar NTM

Wannan ita ce tsohuwar shimfiɗar Nijeriya, kuma tare take tafiya da tushen Minna. Ta raba ƙasar yanki uku: Yamma da Tsakiya da Gabas. Layukan da suka ratsa tsakiyar yankunan su ne digiri 4 da minti 30, da digiri 8 da minti 30, da digiri 12 da minti 30 gabas da Girinwic. Roni da Kazaure da Gwiwa da Ɓaɓura duk suna cikin Yankin Tsakiya, wanda ya tashi daga digiri 6 da minti 30 zuwa digiri 10 da minti 30. An ba layin tsakiyarsa lambar gabas 670,553.98, kuma layin ya wuce ne ta ɗan gabas da garin Kazaure. Lambar arewa kuwa daga digiri 4 arewa da Ikwaita ake fara ƙirga ta, wato daga can bakin teku.

3.2.4 Shimfiɗar UTM

Ita wannan ta duniya ce baki ɗaya. Ta raba duniya shiyya 60, kowace mai faɗin digiri 6. Nijeriya ta faɗa cikin shiyyoyi uku, wato 31 da 32 da 33. Jihar Jigawa tana cikin shiyya ta 32, wadda ta tashi daga digiri 6 zuwa 12. Layin tsakiyarta shi ne digiri 9, wanda ya wuce ta dab da garin Ɓaɓura, kuma lambar gabas da aka ba shi ita ce 500,000. Lambar arewa daga Ikwaita ake ƙirga ta. Abin lura a nan shi ne, ana iya ɗora UTM a kan tushen Minna, ana kuma iya ɗora ta a kan WGS 84. Saboda haka ganin kalmar UTM kaɗai a jikin takarda bai warware matsalar ba.

3.3 Dalilan da Ke Sa Tsarin Awo Ya Ɓace

Dalili na farko shi ne kwafe-kwafe. Akan kwafi lambobi daga taswira zuwa littafin ofis, daga littafi zuwa kwamfuta, a bar bayanin da ke gefen taswirar a baya. Na biyu shi ne yanayin fayilolin kansu. Nau'in fayil ɗin taswira da kamfanin ESRI ya fito da shi, wanda ya yaɗu ƙwarai, tarin ƙananan fayiloli ne, kuma bayanin tsarin awo yana cikin guda ɗaya mai ƙarewa da haruffan prj. Da zarar an manta da shi wajen turawa, sai lambobin su zama marayu. Na uku shi ne sauye-sauyen mulki. An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, saboda haka awon filayen wannan yanki da aka yi kafin lokacin a ƙarƙashin Kano aka yi shi, kuma da wuya a sami wanda ya yi awon a tambaye shi. Na huɗu, mai riƙe da na'urar GPS yakan rubuta abin da ya gani a fuskarta ba tare da ya duba tsarin da aka saita ta a kai ba.

3.4 Matakan Ganowa

3.4.1 Binciken Takardu da Tambaya

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Kafin a shiga lissafi, ya kamata a dubi gefen taswira da ƙasanta, domin nan ake rubuta tushe da shimfiɗa da shekarar awo. A dubi hatimin mai safiyo da lambobin turakun siminti da ya kafa, waɗanda aka fi sani da bikon. Shekara ma shaida ce. Takardar da aka yi kafin GPS ya yaɗu, kusan tabbas a kan tushen Minna take. Wadda aka rubuta faɗin fili da eka, tsawo kuma da ƙafa, ta fi kama da aikin da aka yi kafin Nijeriya ta koma ma'aunin mita a shekarun 1970.

3.4.2 Duba Girman Lambobi

Idan takarda ba ta ce komai ba, sai a koma ga lambobin kansu. Garin Roni yana wajen digiri 12 da minti 39 arewa, da digiri 8 da minti 16 gabas. Ga yadda wannan wuri guda yake fitowa, a ƙiyasce, a tsare-tsare daban-daban:

Digiri: gabas 8.27, arewa 12.65
UTM shiyya ta 32: gabas 420,000, arewa 1,398,500
NTM Yankin Tsakiya da mita: gabas 645,000, arewa 956,000
NTM Yankin Tsakiya da ƙafa: gabas 2,116,000, arewa 3,136,000
Shimfiɗar taswirorin intanet: gabas 920,000, arewa 1,420,000

Daga wannan jeri ana iya fitar da ƙa'idoji masu sauƙi. Idan lambobin ƙanana ne, ɗaya tsakanin 8 da 9 ko sama kaɗan, ɗaya tsakanin 12 da 13, to digiri ne. Idan manya ne, sai a dubi lambar arewa. A waɗannan ƙananan hukumomi huɗu lambar arewa ta NTM da mita ba ta kai miliyan ɗaya ba, ta UTM kuwa tana wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Bambancin ya samo asali ne daga tazarar kilomita 442 da ke tsakanin Ikwaita da digiri 4. Lambar gabas ita ma tana taimakawa. A UTM tana tashi daga wajen 420,000 a Roni, ta kai 436,000 a Kazaure, ta ɗan haura 500,000 a Ɓaɓura. A NTM kuwa sai a ƙara kusan 225,000 a kan kowace. Idan aka ga lambobin sun haura miliyan biyu da miliyan uku, sai a raba su da 3.28 a gani ko za su koma na NTM, domin alama ce ta awon ƙafa.

Lambobin digiri ma suna da nasu tarko. Minti 60 ne ke cika digiri ɗaya, don haka digiri 12 da minti 39 daidai yake da 12.65. Wanda ya rubuta shi 12.39 ya kawar da wurin kusan kilomita 29 zuwa kudu. Ana gane wannan kuskure idan aka duba dogon jeri aka ga lambobi biyun da ke bayan ɗigo ba su taɓa wuce 59 ba.

3.4.3 Ɗora Lambobin a Kan Taswira

Mataki na uku shi ne gwaji. Akan buɗe lambobin a wata manhajar taswira, kamar QGIS wadda kyauta ce, a gaya mata tsarin da ake zato, sannan a ga inda wurin ya faɗa. Kowane tsari yana da lambarsa a kundin EPSG da manhajojin ke amfani da shi. WGS 84 da digiri shi ne 4326, Minna da digiri 4263, NTM Yankin Tsakiya 26392, UTM shiyya ta 32 a kan Minna 26332, a kan WGS 84 kuma 32632.

Idan zaton ya kauce, inda wurin ya faɗa yakan nuna irin kuskuren. Lambobin Roni na NTM, idan aka karanta su a matsayin UTM, sukan faɗa kwarin Kogin Binuwai, wajen iyakar jihohin Filato da Taraba. Idan aka yi akasin haka, wato aka karanta na UTM a matsayin NTM, sai a tsinci Roni cikin hamada yamma da Agadas. Idan aka zaɓi shiyya ta 31 maimakon ta 32, wurin zai koma kudu da birnin Yamai, kimanin kilomita 650 yamma da inda yake. Shiyya ta 33 kuwa wajen Tafkin Cadi za ta kai shi. Haka nan idan aka musanya lambobin digiri, aka sa ta gabas a gurbin ta arewa, sai a ga Roni kudu da Yola, wajen iyakar Kamaru.

3.4.4 Tantance Tushen Awo

Kurakuran da aka ambata a sama manya ne, kowa zai gan su. Wanda ya fi haɗari shi ne ƙaramin, wato rikita tushen Minna da na WGS 84, domin wurin zai faɗa cikin garin da ake nufi, har a ɗauka komai ya yi daidai. Bisa lambobin juyi da Ma'aikatar Tsaron Amurka ta wallafa wa Nijeriya, cibiyoyin tushen biyu sun saɓa da mita 92 da 93 da 122 ta fuskoki uku. Idan aka yi lissafin wannan a ƙasar Roni, sai a ga cewa lambobin UTM na Minna da aka karanta a matsayin na WGS 84 suna kawar da wuri kimanin mita 80 zuwa gabas da mita 120 zuwa kudu, wato kusan mita 140 zuwa kudu maso gabas. Idan kuwa lambobin digiri ne, kaucewar kusan mita 80 ce, kuma galibinta ta gabas take.

Wannan ba a gane shi daga tebur, sai an fita fili, domin gani ya kori ji. Akan zaɓi wurare aƙalla uku daga cikin jerin, waɗanda ba sa motsi kuma suna nesa da juna, kamar bikon ko rijiyar burtsatse ko kusurwar ginin makaranta ko mahaɗar hanya. Sai a je a karanta lambobinsu da GPS a kan WGS 84, a gwama da na takarda. Wayar hannu ma ta isa wannan gwaji, tunda kuskurenta a fili mai sarari 'yan mitoci ne kawai. Sakamakon yakan zo ta ɗaya daga cikin fuskoki huɗu:

(a) Idan lambobin sun dace da juna, to takardar a kan WGS 84 take.

(b) Idan duk wuraren sun kauce ta fuska ɗaya da tazara ɗaya mai kama da wadda aka ambata, to a kan Minna take.

(c) Idan tazarar tana ƙaruwa gwargwadon nisa, ko zanen ya karkace gaba ɗaya, to matsalar ta ma'auni ce, ko kuma mai safiyon ya fara awonsa ne daga wani turke na cikin gari da bai haɗa da awon ƙasa ba. A nan sai an nemo turakun an sake auna su.

(d) Idan kowane wuri ya kauce ta fuskarsa daban, to laifin na awon ne tun asali. Kafin watan Mayu na shekarar 2000 gwamnatin Amurka tana rage ingancin saƙon GPS ga farar hula da gangan, har kuskure yakan kai mita 100. Irin waɗannan lambobi babu tsarin da zai gyara su.

3.4.5 Laƙabawa da Juyawa

Bayan an gano tsarin, akwai ayyuka biyu da ake yawan rikitawa. Laƙabawa ita ce a gaya wa kwamfuta sunan tsarin da lambobin suke a kai, ba tare da an taɓa su ba. Juyawa kuwa ita ce a lissafa sababbin lambobi a wani tsari. Laƙabawa ake fara yi, sannan juyawa. Wanda ya juya lambobi kafin ya laƙaba musu sunansu na gaskiya, ya ɗora kuskure a kan kuskure. Ya kamata kuma a adana lambobin asali yadda suke, a rubuta sunan tsarin da lambarsa da ranar da aka tabbatar da shi a jikin takardar, domin na baya ya huta.

3.5 Muhimmancin Al'amarin ga Jama'ar Yankin

Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Ke nan kaucewar mita 140 ta isa ta ɗauke gonar mutum ɗungum ta ɗora a kan ta maƙwabcinsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon bayar da takardar shaidar mallaka, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Idan aka haɗa tsofaffin takardu da sababbi a taswira ɗaya ba tare da an tantance tsarinsu ba, sai filaye su hau kan juna a takarda alhali a ƙasa kowa yana cikin nasa. Daga nan sai shari'a tsakanin 'yan'uwa ko magada.

Har ila yau, burtali ba shi da faɗin da zai jure wannan kaucewa. Taswirar da ta kauce za ta nuna burtalin a tsakiyar gonaki, ta nuna gonaki a kan burtali, wanda hakan kan iya hura wutar rikici tsakanin manoma da makiyaya. Bugu da ƙari, manyan ayyuka irin su layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021 kuma ya bi ta Kazaure, suna buƙatar a san gonar da aiki ya taɓa kafin a biya diyya. A irin wannan hali, daidaiton lambobi shi ne zai raba wanda ya cancanci diyya da wanda bai cancanta ba.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa lambobin wuri ba su da ma'ana sai an san tushen awo da shimfiɗa da ma'aunin da aka bi aka samo su. An kawo tsare-tsaren da ake samu a Nijeriya, aka nuna yadda garin Roni yake fitowa a kowannensu. An kuma bayyana cewa ganowa tana tafiya ne daga babba zuwa ƙarami: a fara da takarda, a dubi girman lambobi, a ɗora su a kan taswira, daga ƙarshe a je fili a gwada su da wuraren da aka sani. Matakai ukun farko suna kawar da kuskuren ɗaruruwan kilomita, na ƙarshen ne kaɗai ke kama kuskuren mita 140 da ke shafar iyakar gona. Babi na gaba zai dubi kalmomin da manoma da ma'aikatan safiyo na yankin suke amfani da su wajen awon fili.